Yadda Za Ka Auna Ƙarar Adaidaita Sahu a Babban Titi, Ka Kuma Rage Ta

Tambayar nan ta yi ta zuwa, musamman daga matuƙa Adaidaita Sahu da ke fita daga cikin gari su hau babban titi zuwa garuruwan kewaye. Ƙorafin iri ɗaya ne. Da an saka giya ta huɗu an murɗa totur, ba mai jin maganar wani, fasinja sai ya taɓa kafaɗar direba kafin ya san an zo wurin sauka, da dare kuma mutum ya kwanta kunnensa na ta shuuu har barci ya ɗauke shi. Kusan duk wanda ya tambaya da wannan yake rufewa: wane soso zan saya in liƙa?

Soso shi ne aikin ƙarshe, kuma sau da yawa ba a ma kaiwa gare shi. Mafi yawan ƙarar da ke damun mutane a keke alamar lalacewa ce, wani abu ya kwance, ya tsage ko ya cinye. In ka rufe ta da soso, kuɗinka ya tafi, lalacewar na nan tana girma a ɓoye. Don haka a bi matakan nan yadda suka zo, kada a tsallake. Na rubuta su ne da keken Bajaj da TVS a zuciya, masu injin silinda ɗaya na kusan cc 200 da ke baya ƙarƙashin kujerar fasinja. 

1. Haɗa kayan aiki

Na awo: waya mai manhajar auna ƙara, waya ta biyu mai nuna gudu ta GPS idan agogon gudun kekenka ya mutu, ɗan guntun soso ko tsohuwar safa da za a rufe makirfo, littafi da biro, da mutum ɗaya da zai zauna a baya ya riƙe waya. Na gyara: sifanu, sukudireba, jak, tocila, tsumma, ma'aunin iskar taya, da tsohon tib da za a yayyanka.

Mai iPhone ya sauke manhajar NIOSH Sound Level Meter, kyauta ce, kuma hukumar Amurka mai binciken lafiyar ma'aikata ce ta yi ta, an gwada ta a ɗakin gwaji. Babu ita a Android, saboda kowane kamfani da irin makirfon da yake sa wa wayarsa. Mai Android ya ɗauki duk manhajar da ke iya nuna matsakaicin awo na tsawon lokaci.

Hattara: lambar da wayar Android za ta nuna tana iya kaucewa da 'yan desibel (ma'aunin ƙara) sama ko ƙasa, wasu wayoyin kuma da ƙara ta kai wajen 90 sai su tsaya cik. Wannan ba zai ɓata aikin ba muddin waya ɗaya da manhaja ɗaya ka yi amfani da su daga farko har ƙarshe, domin abin da muke nema shi ne bambancin kafin gyara da bayansa.

2. San abin da lambar ke nufi

Da desibel ake auna ƙara, kuma lissafinsa ba irin na mudu ba ne. Ƙarin desibel 3 na nufin ƙarfin sautin ya ninka. Ƙarin 10 shi ne kunne ke ji kamar ƙara ta ninka. Hirar mutum biyu tana wajen 60. Cikin mota mai lafiya da aka rufe gilasanta tana gudu a babban titi yana wajen 70.

Iyakar da NIOSH ta ba da shawara ita ce desibel 85 na awa 8 a rana. Kowane ƙarin 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, 100 kuwa minti 15 ne kacal. Yanzu ka tuna awa nawa kake yi a kan keke daga safe zuwa dare. Fasinja minti ashirin ne ya sauka ya tafi harkarsa, kai ne kake kwana da ita. Saukar da ƙara daga 91 zuwa 85 a takarda kamar ba komai ba ne, amma ya mayar da awa 2 zuwa awa 8.

Akwai wani lissafi da nake so ka riƙe, domin shi ke hana asarar kuɗi. A ce, misali, salansa na ba da 88, taya na ba da 78. In aka haɗa su, jimla ba ta wuce 88 da ɗan ɗigo ba. Ko da ka kashe ƙarar taya ɗungurungum, waya 88 za ta nuna maka. Amma ka gyara salansa ta sauko 82, jimla ta dawo wajen 83 da rabi. Babbar ƙara ita ke mulki, sai ka kawar da ita sannan za ka ma ji ta ƙasa da ita.

A cikin manhaja ka zaɓi awo mai harafin A, wanda ake rubutawa dBA. Shi ne aka daidaita da yadda kunnen ɗan Adam ke ji, kuma da shi aka tsara waɗancan awannin.

3. Zaɓi hanya da lokaci

Nemi miƙaƙƙen titi mai kyan kwalta, marar gangara ko hawa, wanda za ka iya riƙe gudu ɗaya na minti guda ba tare da birki ba. Sa alamar farawa da ta tsayawa, kamar gidan mai da wata bishiya. Da sassafe bayan asuba ya fi, kafin tireloli da motocin haya su cika hanya. Ranar da iskar hunturu ke kaɗawa da ƙarfi ko hadari ya taso, a bari sai wata rana.

Hattara: wasu jihohi sun hana keke bin wasu manyan tituna. Ka tabbatar hanyar da ka zaɓa an yarda ka bi. Kuma kada ka nemi ƙure gudun keke don awo. Abin hawan nan wajen kilomita 60 a awa ƙarfinsa ke ƙarewa, ƙafa uku gare shi, ba a yi shi don tsere da motoci ba.

4. Ɗauki awon farko

Bari injin ya yi zafi tukuna, kamar tafiyar minti goma. Kashe rediyo da sifika. Cire wa waya riga, ka rufe gindinta inda makirfo yake da safa ko soso. Mataimakinka ya riƙe ta kusa da kunnenka, tazarar tafin hannu, kada ta taɓa jikinka ko ƙarfen keke, kada kuma yatsansa ya toshe makirfo.

A yi awo huɗu: keke a tsaye injin na silo, sannan gudun kilomita 30, 40 da 50 a awa. Kowanne a riƙe shi daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya, ba magana, ba hon. A rubuta matsakaici, kada a rubuta lamba mafi girma da ta gifta, domin rami ɗaya ya isa ya cilla ta sama. In babbar mota ta wuce ku ana cikin awo, a zubar a sake. Kowane gudu a yi shi zuwa da dawowa, saboda iska na iya kasancewa a gabanku yanzu, in kun juyo tana bayanku. Bayan an gama na kunnen direba, mataimaki ya maimaita a daidai nasa kunnen a kujerar baya.

A ƙasan lambobin ka rubuta hanya, lokaci, mutum nawa ne a ciki, da ko labulen gefe a sauke yake ko a naɗe. Ranar awo na biyu komai sai ya zama haka.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne barin iska ta bugi makirfo kai tsaye. Keke a buɗe yake ta gefe, kuma iskar da ke hura makirfo tana iya ƙara lamba sosai alhali ba ƙarar da kunne ke ji ba ce. A riƙe wayar a tsakiya, bayan gilashin gaba.

Wanda ba shi da waya mai manhaja ma yana da ma'auni: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke nesa da kai da tsawon hannu ya ji ka, to kun kai 85 ko kun wuce.

5. Gano inda ƙarar take fitowa

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma ba ya cin ko sisi. Ƙarar keke daga wuri huɗu take: injin da salansa, taya da abin da ke juya ta, iska, sai kayan da ke karkarwa. Gwaji uku ke raba su.

Na farko, kana gudun 50 a miƙaƙƙen titi babu kowa a bayanka, ka kama kulochi ka saki totur na 'yan daƙiƙu. Keke na nan da gudunsa, injin ya koma silo. In ƙara ta faɗi warwas, injin da salansa ne masu laifi, kuma a yawancin keke amsar kenan. In gurnani ya ci gaba kamar ba a yi komai ba, ka nufi taya da boris, wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye da taya ke juyawa a kansa. In abin da ya rage fuuu ne da faf-faf, iska ce da tampol.

Hattara: kada ka kashe injin yayin wannan gwaji, kada ka yi shi a gangara ko kwana. Wajen sakin kulochi ka ɗan ba da totur, ka sake shi a hankali don kada keke ya fizge.

Na biyu, a tsaye, giya a firi, ka ɗaga injin a hankali har inda yake kaiwa a gudun 50. Duk ƙarar da ta bayyana yanzu ba ruwan taya da iska a ciki. Kana riƙe da totur, mataimaki ya zagaya yana danna tafin hannu a jikin bodi, murfin injin, lamba, madubi, ƙarafan rufi. Inda ya danna ƙara ta ragu, a sa alama da alli. Ya nisanci salansa da fankar injin, kuma kada a daɗe ana ɗaga injin a tsaye, domin zai yi zafi.

Na uku, ka bi titi mai laushi sannan mai tsakuwa-tsakuwa da gudu ɗaya. Ƙarar da ke canzawa da irin kwalta ta taya ce. Wadda ba ruwanta da kwalta, sai dai ta ƙaru da gudu, ta fi kama da boris.

Masu mota mai ƙafa huɗu suna gane boris ta hanyar kaɗa sitiyari hagu da dama ana gudu. Don Allah kada ka gwada wannan da keke. Zai iya kifewa.

6. Fara da salansa da shaƙar iska

Da safe injin na sanyi, a fili ba cikin shago ba, ka haska tocila daga inda salansa ta kama injin har bakinta. Baƙin toka a gefen haɗi ko a kan walda alamar hayaƙi na tsira ta nan. Tayar da injin, mataimaki ya ɗan toshe bakin salansa da tsumma na daƙiƙa biyu zuwa uku, za ka ji tsss daga inda ramin yake. Wurin da ya fi yawan yoyo shi ne gasket ɗin da ke tsakanin salansa da injin, kuma abu ne mai arha, bai kai balas ɗin da direba ke kai wa mai keke a rana ɗaya ba. Duba notikansa da ƙarfen da ke rataye salansa, in ya karye nauyinta kan koma kan haɗin ya sake tsaga shi.

Girgiza salansar da hannu. In wani abu na kwaranniya a ciki, farantan da ke kashe sauti sun ɓalle. Wasu kuma da gangan suke sa a huda ko a cire su wai don keke ya ƙara ƙarfi ko ya yi amo. Ƙarfin da ake samu bai taka kara ya karya ba, in ma an samu, kunne kuwa shi ke biya. In cikin ya tafi, canji ya fi faci. Wajen saye ka ɗaga ta ka ji nauyinta, ka kwatanta da ta asali. Mai sauƙin nauyi kamar gwangwani ƙarfenta siriri ne, cikinta kusan fanko, da ƙararta za ta zo.

Hattara: in za a yi walda, a kwance salansar a fitar da ita gefe. Tankin fetur na kusa, kuma an sha ganin keke ya kama wuta a wajen mai walda. Mai keken gas ya fi kowa buƙatar kiyaye wannan. Sannan salansa mai yoyo ba ƙara kaɗai take kawowa ba. Hayaƙinta na ɗauke da iskar kabon monoksaid, marar wari marar launi, mai kisa. In an sauke labule a lokacin sanyi ko damina, fasinjan baya ne ke shaƙa. Ciwon kai da jiri bayan doguwar tafiya ba abin rainawa ba ne.

Daga nan ka buɗe akwatin matatar iska. Mutane kan manta cewa injin na ƙara ta inda yake shaƙa kamar yadda yake yi ta inda yake fitarwa. Murfin da ya fashe, robar da ta tsage tsakanin akwatin da kafireta, ko matatar da aka cire aka yar, duk suna sa wani gurnani mai kauri da zarar an murɗa totur, ga ƙura na shiga injin kai tsaye.

7. Injin da mazauninsa

Duba baƙin mai. In ya yi ƙasa ko ya tsinke, injin kan yi ƙara tun kafin ya nuna wata alama. Ƙas-ƙas mai sauri daga saman injin yawanci tafet ne, wato ƙarfen da ke danna bawul ɗin shigar mai da fitar hayaƙi, ya buɗe, bakanike zai saita shi injin na sanyi da ma'aunin da kamfani ya ba da. Kada ka yarda a matse shi fiye da ƙima don a kashe ƙara. Tafet mai ɗan motsi ya fi wanda aka shaƙe, domin shaƙaƙƙe na ƙona bawul. Ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasan injin kuwa ba maganar ƙara ba ce kuma, a ajiye keke a kira bakanike.

Sai injin sit, robobin da injin ke zaune a kai. Aikinsu su hana girgizar injin shiga bodi. Zafi da mai na busar da su su tsage, wani lokaci roba ta cinye har ƙarfe ya zauna a kan ƙarfe. In kana jin girgiza a tafin ƙafa da kujera, madubi na rawa ba ka ganin komai a ciki, nan za ka duba. A canza su gaba ɗaya, sabo ɗaya a cikin tsofaffi ba ya daɗewa. Duba kuma murfin da ke kewaye fankar injin, in notinsa ya faɗi yakan yi kwaram-kwaram a wani gudu na musamman. A ɗaure shi, kada a cire, shi ke bi da iska ta kan silinda.

8. Taya, boris da furofela

Auna iska taya na sanyi, ka bi adadin da ke littafin keke. Masu faci da yawa da ido ko da bugun ƙarfe suke aunawa, kuma an fi cikawa fiye da ƙima saboda lodi. Taya mai tauri tana aika kowace tsakuwa cikin bodi. Shafa hannu a kan taya, in ka ji tudu da kwari kamar haƙoran zarto, za ta yi gurnani har ta ƙare, kuma yawanci mataccen shok ne ya jawo. Canza taya ba tare da shok ba, sabuwar ma haka za ta koma.

Sa dutse a gaba da bayan sauran tayoyin, ɗaga ɗaya da jak, juya ta da hannu. Boris mai lafiya shiru yake. In ka ji gurr ko kamar yashi a ciki, ko ka kama taya sama da ƙasa ka ji tana wasa, a canza shi. Wannan gyara bai jiran ƙarshen wata, musamman na gaba, tunda taya ɗaya ce tal ke riƙe da sitiyari. Leƙa robobin furofela biyu na baya, wato sandunan da ke kai ƙarfin injin zuwa taya, in sun yage gris ya zube yashi ya shiga, za ka riƙa jin ƙwas duk sanda ka ba da wuta ko ka saki.

9. Kayan karkarwa da tampol

Fitar da komai: jak, sifanu, galan, gwangwanin canji. Naɗe kayan aiki a tsumma. Bi alamomin allin nan ɗaya bayan ɗaya ka ɗaure notika, inda ƙarfe ke gogar ƙarfe ka sa yankan tib a tsakani. Lamba, safaya, kujerar direba da ƙarfen da ke bayanta su ne manyan masu laifi.

Tampol ɗin da ya saki yana bugun ƙarafan rufi daidai saman kanka, kuma bugun na ƙaruwa da gudu. Naɗa yankan tib a jikin ƙarafan, mai ɗinkin tampol ya ja shi ya ɗaure. Labulen gefe ko dai a naɗe shi tamau ko a sauke a ɗaure ƙasansa, barinsa yana lilo shi ne mafi muni. In robar gilashin gaba ta bushe ta bar kafa, za ka ji fito a babban titi. Don gano wurin, liƙa tef a gefe ɗaya ka yi tafiya, in fiton ya ɗauke ka same shi.

Yanzu koma mataki na 4 ka sake awo kafin ka sayi kayan shimfiɗa. Da yawa a nan aikinsu ke ƙarewa.

10. Shimfiɗar rage ƙara

In an yi duk wannan amma lamba na nan sama, sai a zo ga shimfiɗa. Hawa uku ce, kowace da aikinta. Faffaɗan ƙarfe siriri kamar fatar ganga yake, injin na kaɗa shi yana amsawa, ka ɗora masa hannu amo ya mutu. Hawa ta farko ita ce hannun: tabarmar butil, baƙar roba mai danƙo da alminiyam a bayanta, ana samunta wajen masu haɗa sifikun mota. Ta biyu soso ne marar shan ruwa, mai kaurin milimita 5 zuwa 10. Ta uku roba mai nauyi, ita ce ke tare sautin. Nauyi ke tare sauti, kuma ninka nauyin shinge na rage wajen desibel 5 zuwa 6.

Cire kujerar baya. Ƙwanƙwasa ƙarfen da ke ƙarƙashinta, da na jingina, da daɓen ƙasa, inda ya yi amo mai tsawo nan ke buƙatar butil. Wanke wurin da omo, goge maiƙo tas, bari ya bushe sarai, in akwai tsatsa a kankare a shafa fenti. Yanka butil gunduwa-gunduwa ka liƙa a tsakiyar kowane faffaɗan wuri, ka murje da kwalba har iska ta fita. Ba sai ka rufe ko'ina ba, kashi ɗaya cikin huɗu zuwa rabin faɗin wurin ya wadatar, kuma nan ne kuɗi ke raguwa. Ka auna da tef tun a gida don ka san falle nawa za ka saya. Soso da roba mai nauyi kuwa su sai sun rufe wurin baki ɗaya, domin sauti ta 'yar kafa yake bi. Saboda haka ka sa sabuwar roba a bakin duk wani murfi da ke tsakanin injin da fasinja, ka toshe ramukan da wayoyi ke bi.

Hattara, kuma nan ne aka fi yin ɓarna. Katifar kwanciya da kwalin ƙwai ba sa tare ƙara, katifa kuma tana shan ruwa da mai, ta ruɓar da ƙarfe, ta zama makamashi kusa da injin. Kafin ka sayi soso, tsoma guntunsa a ruwa ka matse, in ya sha ka bar shi. Tef ɗin liƙe kwanon rufi yana kama da butil kuma ya fi arha, amma da yawansa kwalta ce, zafin injin da ranar bazara za su narkar da shi ya zubo yana wari. Duk shimfiɗa ta ɓangaren fasinja ake yin ta. Kada ka toshe ko ɗaya daga ramukan da iska ke shiga ko fita wajen injin, domin yawancin kekunan nan iska ce ke sanyaya su. Kada ka rufe bututun fetur ko na gas, ko ramukan zubar ruwa na daɓe, ko lambar shasi da jami'ai ke dubawa. Tabarmar gaba a yanke ta nesa da birkin ƙafa. Ta ƙasa a bar ta yadda za a iya ɗagawa a shanya da damina. Kuma kada a yi ta jibga roba, ƙaramin injin ne, kowane kilo fetur yake sha.

In keken ba naka ba ne, balas kake kaiwa ko biya kake a hankali, ka nemi izinin mai shi kafin a liƙa komai, butil in ya kama fitarsa aiki ne.

11. Yadda za ka tsara kashe kuɗi

Farashin kaya na canzawa kusan kowane wata, don haka jeri ya fi amfani. Awo, gwaji, ɗaure notika, tib da daidaita iskar taya kyauta ne ko kusa da haka. Gasket, matatar iska, saitin tafet da jan tampol ƙananan kuɗi ne. Injin sit, boris da robobin furofela matsakaita. Salansa, shok, taya da butil su ne manya. Ka hau daga ƙasa, ka sake awo bayan kowane gyara ɗaya. In ka yi uku a rana guda ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Bambancin desibel 1 zuwa 2 yana iya zama na iska ko na riƙon waya, daga 3 zuwa sama ne za ka ce an samu canji.

Akwai kuma ragin da ba ya cin kuɗi. Auna 40 da 50 ka gani da idonka. Ƙarar iska na hauhawa da sauri fiye da yadda gudu ke ƙaruwa, injin ma a ƙarshen ƙarfinsa ya fi ihu.

12. Kare kunnenka

Keke a buɗe yake, ba zai taɓa yin shirun mota ba. In bayan duk gyara awon kunnen direba na nan wajen 85 ko sama, kuma kana wuni a hanya, ka nemi abin toshe kunne. Mai 'yar matata a tsakiya, irin na makaɗa, ya fi dacewa da direba, domin yana rage ƙara ba tare da ya ɓoye hon da maganar fasinja ba. Na soso ya fi toshewa: a murje shi ya yi siriri, a ja kunne sama da ɗayan hannun, a tura, a riƙe daƙiƙa 20 zuwa 30 ya kumbura. Gwada shi a unguwa tukuna, in ba ka jin hon ɗin bayanka sosai kada ka hau titi da shi. Auduga ba ta tare abin kirki.

Sifikar da ke bayan kujera ita ma ka auna ta. Don waƙa ta fito a kan ƙarar injin sai an ɗaga ta sama da injin, wato ka rushe duk aikin da ka yi da hannunka. Iyafis a kunne ana tuƙi ya fi wannan haɗari.

Ƙananan ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne in ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa, kuma a hankali abin ke zuwa ba tare da ciwo ba. In shuuu ɗin dare ya fara kwana har safe, ko iyali na cewa kana ƙure rediyo, ko kana jin murya amma ba ka rarrabe kalmomi a cikin taro, ka je a gwada jinka. Akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, akwai sashen kunne, hanci da maƙogwaro a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano. Ka tafi da littafin awonka, ka faɗa wa likita shekara nawa kake tuƙi da awa nawa a rana, kuma ka yi ƙoƙari ka huta daga keke tun daren jiya kafin gwajin, don kada gajiyar kunne ta wuni ɗaya ta shiga cikin sakamakon.